Yadda Mai Gida Zai Fid da Iyalinsa Daga Hunturu Lafiya

Jawabin da aka yi wa ɗaliban ajin manya a Kademi, ƙasar Gaya, bayan an gama kaka

Na ga waɗansu sun taso tun daga Shagogo da Gamarya, waɗansu ma daga ƙasar Ajingi. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yau maganarmu a kan hunturu ce. Na san wani zai ce a ransa, "Malam, mu da aka haifa cikin hunturu, muka yi furfura cikinsa, me kuma za a gaya mana?" To, ku yi mini haƙuri in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu.

Wata shekara, cikin watan Janairu, matar ƙanena ta haihu, ta sami ɗa namiji. Kwana biyar da haihuwa sanyi ya sauko mai tsanani. Gwaggonmu, saboda tausayi, ta cika kasko da gawayi, ta hura, ta kai ɗakin mai jego. Ta toshe taga da tsumma, ta ja ƙyaure, suka kwanta. Da asuba ƙanena ya yi sallama, shiru. Ya buga ƙofa, shiru. Da ya ɓalle ƙyauren sai ya tarar mai jego ta yi amai, ba ta iya ɗaga kai, gwaggo kuwa ba ta san inda take ba. Su biyun sun farfaɗo a asibiti. Jaririn bai kai ranar suna ba.

Rai na Allah ne, mun sani. Amma gwaggo ba ta yi mugunta ba, ba ta kuma yi sakaci ba. Abu ɗaya ne kurum ba ta sani ba, ba kuwa wanda ya taɓa gaya mata. Abin da ya sa na tsaya gabanku yau ke nan.

Daga Ina Hunturu Yake Zuwa?

Hunturu iska ce busasshiya da ke tasowa daga hamadar Sahara, ta biyo ta arewa maso gabas. Takan fara cikin Nuwamba, ta yi ƙarfi cikin Disamba da Janairu, ta ja baya wajen ƙarshen Fabrairu. Yawancin ƙurar da take kawo mana daga ƙasar Chadi take fitowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, fiye da kilomita 1,000 daga nan. A da can wurin gindin wani babban tafki ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, ita ce iska ke kwasa. Farin hazon da kuke sharewa a kan tabarma da safe, mafi yawansa ita ce. Wata ma takan haye teku har ta faɗa dazuzzukan Amurka ta Kudu.

Me ya sa dare ke yin sanyi haka, rana kuwa ta yi zafi? Ga dalili. Da damina akwai gajimare da laima a sama, su ne ke riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, kamar bargo. Da hunturu babu su, saboda haka da rana ta faɗi sai zafin ya tsere sama. A ƙasar Kano cikin Janairu, ma'aunin zafi yakan kai wajen digiri 30 da tsakar rana, amma da asuba yakan sauko zuwa 12 ko 13, wani dare ma ƙasa da 10. Jikin mutum kuwa a kan digiri 37 yake so ya zauna. Mai ƙarfi yana iya riƙe zafinsa. Jariri da tsoho da majiyyaci ba su iyawa sai an taimake su.

Kada mu zagi hunturu. Manoman alkama na Kadawa, masu shan ruwan madatsar Tiga, sanyin nan suke jira, don alkama ba ta yin kyau sai da shi. Masu tumatir da albasa ma haka. Abin da ake so shi ne mu ci amfaninsa, mu kauce wa sharrinsa.

Gyaran Gida

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Yanzu da aka kai amfanin gona gida, kara da ciyawa suna nan a wadace, yanzu ne lokacin gyara.

Mai gida, gobe da safe ka zaga gidanka. Ka tsaya ka ba gabas dama, ka fuskanci arewa, tsakaninsu ta nan iskar za ta zo. In dangarka ta wannan gefe ta faɗi, ka tashe ta da sabon kara, ka jingina mata zana. In bango ya tsage ka kwaɓa ƙasa ka yi masa yaɓe. In jinka ta zube a yi baibaya. In ƙofar ɗaki tana kallon iska, a rataya mata asabari ko labule mai kauri.

Kakanninmu da suka yi ɗakin soro mai kaurin bango sun san abin da suke yi. Ginin ƙasa yakan sha zafin rana a hankali, ya riƙa sakinsa cikin dare. Shi ya sa soro ya fi ɗumi da hunturu, ya fi sanyi da bazara. Rufin kwano ba haka yake ba, da rana ta faɗi ya huce. Wanda ɗakinsa na kwano ne, ya yi masa sili. In babu kuɗin katako, ko zana ko tabarma aka ɗaura ƙarƙashin kwanon za a ga bambanci. In a gida akwai soro akwai kwano, a bar wa tsofaffi da mai jego soron.

Sa'an nan ku lura da wurin kwanciya. Ƙasa, musamman ta siminti, tana tsotse zafin jiki fiye da yadda iska ke yi. Yaron da ya kwana a kan tabarma ɗaya bisa siminti, ko an lulluɓe shi, sanyi zai shige shi ta ƙasa. A shimfiɗa kwali, ko buhu cike da busasshiyar ciyawa, ko buzu, sa'an nan a ɗora tabarma. Abin da ke ƙarƙashinka ya kai abin da ke samanka amfani.

Amma ga gargaɗi. Ku toshe gefen iska, kada ku toshe ɗaki duka. A bar 'yar kafa a sama, ta gefen kudu ko yamma, inda numfashi da hayaƙi za su fita.

Gubar da Ba a Gani

Yanzu mu koma kan abin da ya faru a ɗakin mai jegonmu. Duk abin da ke ci da wuta yana bukatar iska mai kyau, kamar yadda mu ma muke bukata. In gawayi yana ci a ɗakin da aka rufe, iska mai kyau takan ragu, sai ya riƙa fitar da wata guba wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Hayaƙin itace yana sa ido hawaye, mutum ya tashi ya buɗe ƙofa. Wannan kuwa ba ta yin sallama. In ta shiga huhu takan kama jini da ƙarfin da ya ninka na iska mai kyau fiye da sau 200. Jini yana gudu, amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take bukata.

Waɗansu sukan ce, "Ai na bari gawayin ya ruru, hayaƙin ya ƙare kafin in shiga da shi." Wannan ba ya tsare kowa. Jan garwashi marar hayaƙi yana fitar da gubar nan har ya zama toka.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, da barci mai nauyi. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kada a ce mura ce, kada a ce iskokai ne. A dubi kasko. Abin yi shi ne a buɗe ƙofa da taga nan da nan, a fito da kowa waje, a garzaya da su asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Kada a tsaya ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, zai shaƙe ne kurum.

To, yaya za a ɗumama ɗaki? A kai kasko da magariba, ƙofa a buɗe, babba yana zaune kusa. In lokacin barci ya yi a fitar da shi, a yayyafa masa ruwa. Ko kuma a gasa dutse ko tubali a murhu, a naɗe shi da tsumma mai kauri, a ajiye wajen ƙafafu. Amma kada a sa shi jikin jariri. Doka ɗaya ce, ku riƙe ta: ba a kwana da wuta a rufaffen ɗaki.

Janareta ma gubar nan yake fitarwa, har ya fi gawayi. Wurinsa waje ne, nesa da taga. Kada tsoron ɓarawo ya sa a shigar da shi ɗaki ko zaure yana aiki.

Hayaƙin da ake gani ma yana da tasa ɓarnar, sai dai a hankali yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a duniya, da yawansu mata da ƙananan yara. Saboda haka, iyayenmu mata, kada sanyi ya sa ku mai da girki ɗakin kwana. A yi a madafa mai kafar hayaƙi, da busasshen itace. A kuma sauke goyo, a ba wani ya riƙe nesa da murhu. Leda da roba da taya ba abin jin ɗumi ba ne, hayaƙinsu guba ne.

Gobara

Da hunturu kome ya bushe, ga iska. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa, ya haɗa da rumbunan da aka sha wahalar damina aka cika. Mutanen birni ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ga su kuwa kusa da 'yan kwana-kwana. Mu nan kafin mota ta iso, aikin gama ya gama. Dabararmu ita ce kada ta tashi.

A share ciyawa kewaye da rumbu da danga. Kada a tara kara da harawa jikin madafa. A kashe murhu da ruwa bayan tuwon dare, kada a zubar da toka mai rai a juji. Wanda ke sayar da fetur kada ya ajiye shi inda ake kwana ko girki. A bar kyandir da aci-bal-bal, a nemi tocila ko fitila mai cajin rana. Gidan sauro yana kama wuta nan take, kada a kusantar da shi da kowace irin wuta. Samari kuma ku bar cinna wa daji wuta don gafiya. Kowane gida ya kwana da tulu cike da ruwa, da bokitin yashi a bakin ƙofa.

In yara suna jin ɗumi, babba ya zauna tare da su. Mai farfaɗiya kada a bar shi shi kaɗai a bakin wuta. In tufafin mutum suka kama, kada ya gudu, gudu hura wutar yake yi. Ya kwanta ya yi birgima, a rufe shi da bargo. Wurin da ya ƙone a riƙa zuba masa ruwa mai tsabta marar zafi har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai asibiti. Kada a shafa ƙwai, ko gishiri, ko baƙin mai, ko kashin shanu. Su ne ke sa ƙuna ta ruɓe.

Sutura da Abinci da Fata

Riga biyu ko uku marasa kauri, ɗaya bisa ɗaya, sun fi guda mai kauri ɗumi, don iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe zafi. In rana ta yi sai a rage. A rufe kai da kunne da ƙafa. In za ka sayi kayan sanyi a gwanjo, ka saya tun yanzu kafin su yi tsada, a wanke, a shanya a rana. Ka fara da yara da tsofaffi, kai ka zo daga baya. Mai babur ya rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle, ya kunna fitila in hazo ya yi yawa, ya rage gudu a hanyar Gaya zuwa Wudil. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa takan ba da sanarwar hazo ta rediyo, mai niyyar tafiya ya saurara.

Jiki kamar murhu ne, sai da itace yake ba da zafi. Kada yaro ya fita makaranta ko kiwo da cikin wofi. Ɗumame, ko koko, ko kunun gyaɗa mai zafi ya wadatar. A yawaita wake da gyaɗa da kabewa da zogale, da lemo in an samu. A sha ruwa ko ba a jin ƙishirwa, don busasshiyar iska tana ɗebe ruwan jiki mutum bai sani ba.

Wanka kuwa kada a daina shi, sai dai a canja masa lokaci. A yi wa yara da hantsi, da ruwa mai ɗumi, a wurin da iska ba ta bugawa. Da an tsane jiki a shafa man kaɗanya ko basilin, musamman a leɓe da dunduniya, don maganin kaushi da faso. In yaro ya yi haɓo kada a ɗaga kansa sama. Ya sunkuya gaba kaɗan, a matse wurin taushin hanci minti 10. In ƙura ta shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta, kada a ɗiga abin da ba likita ya bayar ba.

Jarirai da Tsofaffi

Jariri yakan huce da sauri ƙwarai. Da an haife shi a goge shi da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare, a ba shi nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24. Ungozomomi, na san wannan ya saɓa wa abin da muka gada, amma wankan gaggawa cikin sanyi yana kashe jarirai. Wannan dabara ta ɗora jariri a ƙirji, likitocin birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ne suka fara aiki da ita a 1978 don bakwaini, da suka rasa isassun kwalaben ɗumama jarirai. Yau ana yinta a asibitocinmu. Da ita gwaggo ta sani, da ba ta nemi kasko ba, don ƙirjin uwa ya fi kowane kasko. Ki riƙa taɓa ƙafar jaririnki da cikinsa. In duka biyun sun yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, ki sa shi a ƙirjinki ku tafi asibiti haka.

Mai jego ma a yi mata da sauƙi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura cewa yawan kunun kanwa da yawan gashi a gado mai wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. In mai jego ta kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta.

Tsofaffi a ɗumama musu ruwan alwalar asuba, a leƙa su kafin a kwanta, a kuma leƙa su da safe. Mai amosanin jini, watau sikila, sanyi yana tayar masa da ciwo. A rufe shi da kyau, ya sha ruwa da yawa, kada ya yi wanka da ruwan sanyi. Mai asma ya ajiye maganinsa kusa, ya kauce wa ƙura da hayaƙi.

Cututtukan Wannan Lokaci

Mura da tari ba su da wuyar sha'ani. Ruwan ɗumi da hutu sun isa, da zuma da lemon tsami ga wanda ya wuce shekara ɗaya. Amma akwai tarin da ke sauka huhu, watau ciwon haƙarƙari ko nimoniya, shi kuwa yana cikin manyan masu kashe yara. Ga yadda za ku gane shi. In yaro yana kwance shiru, a ɗaga rigarsa, a dubi agogon waya, a ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, kada a kwana. A kai shi ɗakin shan magani mafi kusa, ko Babban Asibitin Gaya. Kun ga amfanin ƙidayar da muke koyo a ajin nan.

Na biyu sanƙarau. Ƙura da bushewa sukan raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma ya sa ƙwayar ta yi ta yawo daga wannan zuwa wancan. Yakan fi yawa daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. Dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, Kano na cikin inda ya fi ɓarna. A 2017 ma ya sake tashi a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Alamunsa zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ga jariri kuma kumburin maɗiga. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya, amma yana jin magani in an yi sauri. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara aiki da sabuwar allurar da ke kare iri biyar na ƙwayar nan. In masu allura sun zo, ku fito da iyali.

Na uku ƙyanda, ita ma da rani take yawo. Allurarta a wata 9 ne, ta biyu a wata 15, kyauta kuma ake yi. Kowa ya je gida yau ya ce a ɗauko katin yaro, ya karanta da kansa, ya ga ko an cika.

Dabbobi da Itace

Dabba ma tana jin sanyi. A kafa zana ta gefen iska a turke, a shimfiɗa wa 'yan awaki da 'yan raguna busasshiyar ciyawa. A adana harawa a bisa rumfa, a riƙa bayarwa da lissafi, don rani yana da tsawo. Annobar kaji da ake kira Nukasil da hunturu ta fi tashi, takan share akurki cikin mako guda. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, ana kuwa yinsa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Bom a Jihar Filato. Ku haɗu gida goma ku kira malamin dabbobi tun kafin ta zo. Sabuwar kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu.

Game da itace, kowa ya ga yadda yake ƙara nisa da tsada. In aka kewaye duwatsun murhu da ginin ƙasa, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, iska ba za ta kwashe wutar ba, itace kaɗan zai dafa tuwo. In za a sari itace a yi sassabe, kada a kashe gindi. Gawo kuwa a bar shi, da rani yake ganye, 'ya'yansa abincin dabbobi ne, ƙarƙashinsa kuma gero ya fi kyau. 'Yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, suka fara barin tohon kututture a gonakinsu, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. Da wannan dabara kaɗai aka mai da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Sabara da kalgon da ke gonakinmu za su yi mana haka in mun bar su.

Maƙwabci

Abu na ƙarshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A unguwarku akwai tsohuwar da ba ta da mai tashe mata danga. Akwai marayu. Akwai almajirai masu kwana a zaure da riga ɗaya, su ne kuwa suka fi kwana kusa da wuta, su ne suka fi ƙonewa. Samari su ware yini ɗaya su yi gayya, a gyara ɗakunan marasa ƙarfi. Mai bargo biyu ya dubi wanda ba shi da ko ɗaya. Mai unguwa kuma ya san wanda ke da mota ko babur da za a tasa cikin dare in ta ɓaci, a rubuta lambarsa a bangon zaure.

Gwaggonmu tana nan da ranta. Da na ce mata zan zo nan in yi wannan magana, na tambaye ta ko ta yarda in faɗi labarin. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Faɗa musu, ɗana. Ka ce su fitar da kaskon." To, na faɗa muku. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba, maza ku gaya wa matanku na cikin gida tun daren yau.

Allah ya fisshe mu hunturun bana lafiya, mu da iyalinmu da dabbobinmu, ya kai mu damina mai albarka.

Tambayoyi

1. Ta wane gefe iskar hunturu take zuwa, me kuma za ka yi wa wannan gefe na gidanka?
2. Me ya sa ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, ko da ba ya hayaƙi?
3. Yaro ɗan wata 8 yana numfashi sau 55 a minti ɗaya. Me za ka yi?
4. Me ake zuba wa ƙuna, har minti nawa?
5. Rubuta sunan abu uku da za ka gyara a gidanka cikin makon nan.